Makarantar lauyoyi ta Yale: wa take ɗauka, me take koyarwa, kuma sunanta ya kai yadda ake faɗa?

Tambaya: "Malam, ina aji huɗu a tsangayar shari'a, kuma alhamdu lillahi ni ce kan gaba a ajinmu. Burina in je makarantar lauyoyi ta Jami'ar Yale da ke Amurka. Yaya ake shiga? Me ya bambanta karatunta da namu? Kuma sunan nan nata, na gaske ne ko yayi ne kawai?"

'Yata, Allah ya yi wa karatunki albarka, ya ƙara basira. Na daɗe ina koyar da doka, na rubuta wa ɗalibai da dama wasiƙun neman gurbin karatu a Amurka da Ingila. Wasu sun samu, da yawa ba su samu ba, kuma abin da zan faɗa miki a nan yawancinsa daga wajen waɗanda ba su samu ba na koye shi. Zama ta ɗaya a aji abin alfahari ne, ki riƙe shi da kyau. Amma kusan duk wanda ya aika takardunsa Yale na ɗaya ne ko kusa da na ɗaya a inda ya fito. Saboda haka makarantar ba makinki take tambaya ba, ta riga ta ɗauka kina da shi. Abin da take son sani shi ne: wace tambaya ce game da doka ta hana ki barci, kuma me kika rubuta a kanta?

Kafin mu kai can, akwai ruɗanin da ya kamata a warware, domin shi ne ke ɓata wa ɗalibanmu shekara guda cur. A wajenmu yaro na gama sakandare sai ya shiga tsangayar shari'a, ya yi shekara biyar ya sami LLB, sannan ya tafi Makarantar Horar da Lauyoyi, a Bwari ko Bagauda ko wani reshe, a rantsar da shi. A Amurka ba haka ba ne. Doka digiri na biyu ne. Sai mutum ya gama digirin farko na shekara huɗu a kowane fanni, tarihi ko lissafi ko falsafa ko kimiyya, sannan ya nemi makarantar lauyoyi ya yi shekara uku ya sami digirin da suke kira JD. Wannan ita ce babbar ƙofa, ita ce ake nufi idan ana maganar wahalar shiga Yale. Akwai kuma ƙaramar ƙofa, LLM, karatun shekara ɗaya na waɗanda suka riga suka yi digirin shari'a, galibinsu daga wasu ƙasashe. Ke taki ƙofar ke nan, sai fa idan kin yanke shawarar sake karatun daga tushe don zama lauya a Amurka.

Bari in fara da babbar ƙofar, don ki ga irin gidan. Yale jami'a ce mai zaman kanta, ba ta gwamnati ba, tana garin New Haven a jihar Connecticut, tafiyar kusan awa biyu a jirgin ƙasa daga birnin New York. An kafa jami'ar a 1701, makarantar lauyoyin kuma tana lissafa asalinta daga 1824. Ƙarama ce ƙwarai. A shekara tana ɗaukar ɗaliban JD kimanin 200, alhali Harvard na ɗaukar kimanin 560. Masu nema kuwa dubbai ne, kuma cikin kowane mutum ɗari, kusan biyar ne ake kira. Jarrabawar shiga, wato LSAT, ana ba da makinta daga 120 zuwa 180, kuma matsakaicin makin waɗanda Yale ke ɗauka yana yawo ne a 174 zuwa 175. Makin digirin farko kuma, a ma'auninsu na 4.0, matsakaicinsa ya haura 3.9. Jarrabawar ba ta tambayar doka ko kaɗan. Karatu da fahimta ne, da gano inda hujja ta karye, cikin ƙurarren lokaci. Makarantar na karɓar GRE, wato jarrabawar neman karatun gaba da digirin farko, a madadinta. Mafi yawan waɗanda ake ɗauka ba daga aji suke zuwa kai tsaye ba, sun yi shekara ɗaya ko biyu ko fiye suna aiki ko wani karatun.

Abin da ya fi burge ni a tsarin ɗaukar ɗalibansu shi ne wanda ke karanta takardun. A yawancin makarantu ma'aikatan ofishin ɗaukar ɗalibai ne ke yanke hukunci. Yale ta daɗe a kan wata al'ada dabam: ofishin zai tace, ya ware takardun da suka fi ƙarfi, sai a raba su ga malaman makarantar da kansu. Farfesoshi uku ne ke karanta kowace takarda, kowa shi kaɗai, kowa ya ba da maki daga 2 zuwa 4, a haɗa. Wanda ya sami 12 ya shiga, mai 11 yana da kyakkyawan fata. Ki tsaya ki yi tunani a kan ma'anar wannan. Mutumin da ke riƙe da takardarki malami ne da ya ƙarar da rayuwarsa a bincike, yana karantawa a ofishinsa bayan ya fito aji, kuma tambayar da ke ransa ita ce: ina so yarinyar nan ta zauna a gabana shekara uku? Za ta faɗi abin da zai sa in sake tunani? Irin wannan mai karatu ba a burge shi da jerin takardun shaidar halartar taro, kuma daga layi na biyu yake gane rubutun da aka yi don a faranta masa.

Shi ya sa suke da wata 'yar gajeriyar muƙala da ta shahara, mai kalmomi 250 kacal, ban da doguwar takardar bayanin kai. Ana so mai nema ya ɗauki wani ra'ayi ko wata matsala da ta ja hankalinsa a karatu ko a aiki ya yi magana a kai. Kalmomi 250 ba su cika shafi ɗaya ba. Babu wurin gaisuwa, babu wurin "tun ina yarinya nake son adalci". Sai dai ki kama abu guda, ki juya shi, ki nuna kin ga ɓangaren da ya saɓa wa ra'ayinki, ki sauka. Ina ba ɗalibaina wannan aikin ko da ba Yale za su ba, domin ban san wani gwaji da ke fito da kaifin tunani da sauri kamarsa ba.

Wani abu ya canza kwanan nan. A ranar 29 ga Yuni 2023 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da aka yi da Harvard da Jami'ar North Carolina, ta hana jami'o'i yin la'akari da launin fata a matsayin dalilin ɗaukar ɗalibi. Amma kotun ta bar wa mai nema damar ya faɗi yadda rayuwarsa da asalinsa suka gina shi. Don haka kasancewarki 'yar Afirka ba maki ba ne, abin da kika gani da idonki kika fahimta shi ne maki.

To, ƙofarki. LLM ta Yale ba irin sauran ba ce, kuma a nan ne mutanenmu ke yawan kuskure. Mutum 25 ko kusa da haka take ɗauka a shekara daga duniya baki ɗaya, kuma makarantar ta faɗa ƙarara cewa shirin na masu niyyar koyar da doka ne a jami'a. Wanda ya rubuta musu cewa yana son ƙwarewa a dokar man fetur don ya koma babban ofishin lauyoyi a Legas, ko da shi ne zakaran ƙasarsa, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba. Burinsa mai kyau ne, wurinsa ne ba nan ba. Harvard na ɗaukar kimanin 180 a LLM ɗinta daga ƙasashe fiye da sittin, cikinsu akwai alƙalai da lauyoyin gwamnati da na kamfanoni da masu fafutukar kare haƙƙi. Columbia da Jami'ar New York (NYU) sun fi haka faɗi. A LLM ba a neman LSAT. Ana neman sakamakon digirinki ta hannun hukumar LSAC mai tantance takardu, da shaidar Ingilishi idan sun buƙata, da wasiƙun malamai, da bayanin binciken da kike son yi da inda kike son koyarwa. Ana rufe karɓar takardu tun farkon Disamba don karatun da zai fara a watan Agusta na shekara mai zuwa. Digirin digirgir ɗinsu kuma, JSD, sai wanda ya yi LLM a nan Yale ɗin ne ke iya nemansa.

Maganar wasiƙun malamai ba zan wuce ta da sauri ba, domin a kanta na taɓa cutar da ɗalibi, kuma har yau abin na damuna. Yaro ne haziƙi, kundin da ya rubuta a shekarar ƙarshe a kan gadon filaye ya fi na wasu masu digiri na biyu. Ya zo ofishina saura kwana uku a rufe, ni kuma ga takardun jarrabawa jibge a gabana. Na jawo tsohuwar wasiƙa a kwamfuta, na canza suna, na bar layuka biyar: ɗalibina ne, mai ladabi ne, mai ƙwazo ne, ya ci darasina da kyau, ina ba da shawarar a ɗauke shi. Na buga hatimi na sa hannu. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma babu shi a ciki. Ban ambaci kundin ba. Ban faɗi ranar da ya ɗaga hannu a aji ya nuna mini cewa hukunci biyu da na kawo a matsayin masu goyon bayan juna a gaskiya saɓa wa juna suke ba. Ba a ɗauke shi ba a ko'ina a shekarar. Bayan shekara biyu ya sake nema, na zauna na yini guda na rubuta shafi biyu, na kawo wancan labarin da abin da kundinsa ya gano, na kwatanta shi da sauran ɗaliban da na koyar. Ya sami gurbi a wata makaranta mai kyau a Amurka. Ba na cewa wasiƙar kaɗai ce ta yi aikin, shi ma ya ƙara girma a shekarun. Amma daga ranar na daina rubuta wa wanda ban karanta rubutunsa ba.

Darasin da ke ciki gare ki: kada ki bi babban suna. Wasiƙar wani babban lauya mai SAN ko wani mai riƙe da muƙami da ya san mahaifinki amma bai taɓa ganin jimla ɗaya da kika rubuta ba, ba ta kai wasiƙar ƙaramin malamin da ya duba kundinki ya cika gefen shafi da jan biro ba. Ki nemi malamai biyu ko uku tun yanzu, ki riƙa kai musu rubutu, ki jure gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma kada ki raina abin da ke hannunki. Kin tashi a inda dokar da aka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci da al'ada ke aiki a gari ɗaya, wani lokaci a kan gida ɗaya. Kin san abin da ke faruwa idan mace ta kai ƙarar gado kotun shari'a, aka ɗaukaka ƙara, maganar ta isa gaban alƙalan da suka yi wani karatun dabam. Manyan masana a can suna rubuta littattafai kan yadda dokoki iri-iri ke zama tare a ƙasa guda, ke kuwa a ƙofar gidanku abin yake. Yale ɗin ma tana da cibiyar nazarin shari'ar Musulunci da wayewarta, wadda aka kafa a 2015 da gudummawar dala miliyan 10 daga attajirin Saudiyya Abdallah S. Kamel. Idan za ki je kotu ki zauna wata uku kina sauraro, ki karanta hukunce-hukunce hamsin, ki fito da abu guda da ba a lura da shi ba, kin fi wanda ya kwafo muhawarar Amurkawa ya mayar musu.

Yanzu karatun kansa. Ɗalibin JD a zangon farko yana ɗaukar darussa huɗu na tilas, cikinsu akwai tsarin mulki, da dokar kwantiragi, da ƙa'idojin gudanar da ƙara. Ɗaya daga cikin huɗun ana yinsa ne a ƙaramin rukuni, mutum goma sha shida zuwa sha takwas da farfesa guda, kuma a nan ake koyon rubutun lauya. Wannan rukunin ne ke zama dangin ɗalibi, tare suke shiga sauran darussan. A wannan zangon babu maki sam, ko ka ci ko ka faɗi. Bayan haka ma matakai huɗu ne kawai: yabo, ci, ci mai rauni, faɗuwa. Ba a jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ba a lissafa matsakaicin maki. Tun ƙarshen shekarun 1960 suka bar tsohon tsarin, kuma Stanford da Harvard sun bi sahu wajen 2008 da 2009. Daga zango na biyu kusan komai zaɓi ne, sai 'yan darussa kaɗan da manyan rubuce-rubuce biyu na bincike da dole kowa ya yi a ƙarƙashin kulawar malami kafin ya gama. Ɗalibin LLM kuma cikin waɗannan azuzuwan yake zama tare da 'yan JD, shi ke tsara wa kansa abin da zai ɗauka.

Ke da kika saba da zama ta ɗaya, wannan zai iya girgiza ki, kuma ina so ki ji gaskiyarsa. Cire maki bai cire gasa ba, ya mayar da ita inda ba a gani. Tun da takardar sakamako ba ta bambanta mutane sosai, abin da ke bambanta su shi ne wane farfesa ya san ka, wa ya ɗauke ka aikin bincike, wa zai ɗaga waya ya kira alƙali a kanka, ko ka shiga cikin editocin mujallar shari'a ta makarantar da ɗalibai ke fitarwa tun 1891. Yaron da iyayensa lauyoyi ne ya san wannan tun ranar farko. Wanda ya fito daga gidan da ba a taɓa zuwa jami'a ba sai ya yi wata shida yana jiran a kira shi. Mu kuma tarbiyyarmu ta kunya da girmama malami, wadda abin alfahari ce, tana iya sa ɗalibi ya yi shiru a wurin da shiru ke nufin ba ka da abin faɗa. A can ƙwanƙwasa ƙofar farfesa a lokacin ganin ɗalibai, da ce masa "ban gamsu da hujjarka ba, ga dalilina", shi ne girmamawar da yake jira. Ana iya yin haka cikin ladabi, kuma ki fara koyonsa tun a nan.

Abin da na fi yi musu sha'awa shi ne aikin lauya na zahiri, wanda suke kira kilinik: ofishin lauyoyi a cikin makaranta, inda ɗalibai ke wakiltar mutane na gaske a ƙarƙashin malami. A yawancin makarantun Amurka sai a shekara ta biyu ko ta uku ake shiga, a Yale tun zango na biyu na shekarar farko. Ga misalin da nake ba ɗalibaina. A watan Satumba 1991 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Aristide a Haiti, dubban mutane suka tsere a kwale-kwale. Jiragen tsaron gaɓar Amurka suka riƙa tare su a teku suna kai su sansanin Guantanamo da ke Kuba. Kimanin 300 aka ci gaba da tsarewa a bayan waya mai ƙaya saboda su ko danginsu na ɗauke da cutar HIV, duk da an yarda suna da dalilin tsoron komawa gida. Farfesa Harold Koh da ɗalibansa na kilinik ɗin kare haƙƙin ɗan Adam, tare da lauya Michael Ratner, suka kai gwamnatin Amurka ƙara a 1992. Ɗalibai ne suka yi ta binciken dare, wasu suka je sansanin suka ɗauki bayanan tsararrun. A watan Yuni 1993 alƙali Sterling Johnson na kotun tarayya a Brooklyn ya ba da umarnin a sake su. A cikin watan nan dai Kotun Ƙoli, da alƙalai takwas a kan ɗaya, ta kayar da su a ɗaya ɓangaren ƙarar, ta ce gwamnati na iya mayar da waɗanda aka tare a tsakiyar teku. Nasara da faɗuwa a wata guda, kuma shugaban ƙasar da suke ƙara a lokacin, Bill Clinton, tsohon ɗalibin makarantarsu ne.

Wannan salon yana da tushe. A 1870 Christopher Langdell ya kawo wa Harvard hanyar koyar da doka ta nazarin hukunce-hukuncen kotu, yana ganin doka kamar kimiyya ce da za a tsamo ƙa'idojinta daga shari'o'in baya. A shekarun 1920 da 1930 Yale, tare da Columbia, ta zama matattarar masu cewa wannan bai isa ba. Mutane irin su William O. Douglas da Thurman Arnold da shugaban makarantar Charles Clark suka dage cewa a duba abin da alƙalai ke yi a zahiri, da wanda hukunci ke amfana da wanda yake cutarwa, a shigo da tattalin arziki da ilimin zamantakewa cikin aji. Daga baya Guido Calabresi, wanda ya shugabanci makarantar daga 1985 zuwa 1994, ya zama cikin waɗanda suka assasa auna doka da ma'aunin tattalin arziki. Har yau tambayar ajin Yale ba ta tsaya a "me doka ta ce" ba, tana wucewa zuwa "me ya sa, kuma ya dace?" Masu suka na cewa makarantar na koyar da komai ban da dokar da lauya zai yi aiki da ita ranar Litinin da safe, kuma akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Ɗalibanta, kamar na sauran makarantu, sai sun yi kwas na musamman kafin jarrabawar zama lauya. Mu namu tsarin ya fi ƙarfi wajen haddar sassan doka da hukunce-hukunce, kuma kada ki yar da wannan, gishiri ne. Rauninmu shi ne ba mu cika barin ɗalibi ya tambayi dalili ba.

Sai maganar suna. Na gaske ne. Cikin alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka, huɗu daga Yale suka fito: Clarence Thomas, Samuel Alito, Sonia Sotomayor da Brett Kavanaugh. Huɗu daga Harvard, ɗaya daga Notre Dame. Ki tuna Harvard ta kusa ninka Yale uku a yawan ɗalibai. Shugabannin ƙasa biyu, Gerald Ford da Bill Clinton, a nan suka yi, haka Hillary Clinton da JD Vance. Idan aka duba girmanta, babu makarantar da ta kai ta fitar da malaman doka na jami'a, kuma tana sahun gaba wajen tura ɗalibai su yi shekara guda suna taya alƙalan tarayya bincike da rubuta hukunci, aikin da ke buɗe kusan kowace ƙofa a can. A nahiyarmu, Peter Mutharika da ya shugabanci Malawi ya yi LLM da JSD ɗinsa a Yale, Kwesi Botchwey da ya daɗe yana ministan kuɗin Ghana shi ma LLM ɗinsa ta can ce.

Mujallar U.S. News mai jera makarantu ta yi fiye da shekara talatin, daga 1990, tana ajiye Yale a matsayi na ɗaya shekara bayan shekara. Duk da haka a watan Nuwamba 2022 shugabar makarantar ta lokacin, Heather Gerken, ta sanar cewa sun daina ba mujallar bayanai, tana mai cewa ma'aunin na hukunta makarantun da ke taimakon talakawa da masu zaɓar aikin hidimar jama'a, yana kuma ingiza makarantu su zuba tallafi ga masu manyan maki maimakon mabuƙata. Harvard ta bi ta a ranar, wasu da dama suka biyo baya. Mujallar ta ci gaba da jera su da bayanan da ke fili. Na ga dacewar matakin, ko da yake wanda ya riga ya zauna a saman tudu ne ke iya cewa ba ya buƙatar tsani.

A ganina rabin sunan nan daga ƙofa ake samunsa. Makarantar da ta zaɓi mutum 200 daga cikin haziƙan ƙasa mai mutane fiye da miliyan 300, da wuya ɗalibanta su ƙi yin fice ko da a gindin bishiya aka koyar da su. Ɗaya rabin kuwa na gaske makarantar ce ke bayarwa: malamai masu lokacinka, abokan aji da za su zama alƙalai da ministoci, ɗakin karatun da ba ka neman littafi ka rasa. Kuma sunan na da masu adawa. Ana zarginta da girman kai da tattara iko a hannun 'yan tsiraru. Masu ra'ayin riƙau na cewa ta karkata ga masu sassaucin ra'ayi, har a 2022 wani alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, James Ho, ya ce ya daina ɗaukar ɗalibanta aiki saboda yadda ake hana masu saɓanin ra'ayi magana, alhali babbar ƙungiyar lauyoyi masu ra'ayin riƙau, Federalist Society, a Yale ɗin ta yi taronta na farko a 1982. A gida kuma, alƙalin babbar kotu ba zai saurare ki don hatimin Yale ba, sai don kin shirya ƙararki. Inda sunan ke aiki sosai shi ne jami'o'i, da hukumomin duniya, da neman kuɗin bincike.

Kuɗi: kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara, idan aka haɗa da masauki da abinci da inshorar lafiya ya wuce 100,000. Kada adadin ya sa ki rufe littafi. Yale ba ta ba da tallafi don yawan maki, sai don buƙata, kuma tana duba ɗaliban ƙasashen waje ma. A 2022 ta ɓullo da shirin da ke ɗauke wa ɗaliban JD 'ya'yan marasa hali kuɗin makaranta gaba ɗaya, kuma tun 1989 tana da shirin taya waɗanda suka ɗauki aiki mai ƙaramin albashi biyan bashin karatu. Amma wani ɓangare na tallafin bashi ne. Bashin dala ga mai albashin naira nauyi ne da ke tanƙwara rayuwa, kuma idan akwai ruwa a kansa, ke kin san hukuncinsa a addini, sai ki tattauna da iyayenki da malamanki kafin ki sa hannu, ba bayan kin sa ba. Ki nemi tallafin wasu hukumomin tun da wuri. Biza ma ta ƙara wuya: a 2025 gwamnatin Amurka ta sanya takunkumin shiga ga 'yan ƙasashe da dama, ciki har da Chadi da Sudan da Nijar da Nijeriya, kuma ƙa'idojin na sauyawa, don haka ki duba halin da ake ciki a shekarar da za ki nema. Wannan ma dalili ne na kada ki rataya komai a ƙugiya ɗaya. Oxford da Cambridge da Toronto da Cape Town duk wurare ne da malamin doka ke fitowa da ƙarfinsa.

Da ni ne ke, ga yadda zan tsara shekarun nan. Ki kare makinki har ƙarshe. Ki ɗauki kundin shekarar ƙarshe a matsayin aikin da ya fi kowanne muhimmanci, ki zaɓi tambaya ƙarama da za ki iya bin ta har gindi. Ki je Makarantar Horar da Lauyoyi a rantsar da ke, ki yi hidimar ƙasa, idan da hali ki nemi koyarwa a jami'a ko aiki da alƙali. Ki mayar da kundin muƙala ki aika mujallar da ke tantancewa da gaske, ba wadda ake biya a buga ba. Bayan shekara biyu ko uku sai ki nema, Yale da wasu huɗu ko biyar tare.

Amma kafin duk wannan, ga aikin da nake so ki yi a wannan hutun. Ki rubuta kalmomi 250, kada su wuce, a kan wani hukunci ɗaya da kika karanta a aji kika ji zuciyarki ba ta kwanta da shi ba. Ki faɗi abin da kotu ta yanke, da inda kike ganin ta kauce, da hujja mafi ƙarfi da mai goyon bayan kotun zai kawo miki. Ki ajiye shi mako guda, ki sake karantawa, ki gyara, sannan ki kai wa malamin da ya fi kowa tsanani a tsangayarku. Idan ya dawo miki da shi, ki turo mini tare da gyaran da ya yi, mu duba tare.